Hedifon Mai Kashe Ƙara: Wanne Ya Dace Da Tafiyarka Ta Jirgin Sama?

Duk wanda ya taɓa zama a Palladan ko Samaru ya san kukan ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda take nan Zariya tun 1964. Su kam sukan gilma ta saman gida, kafin ka ɗaga kai sun wuce. Zama a cikin babban jirgi wani abu ne daban. Rugugin injin ba ya wucewa, yana tare da kai daga tashi har sauka, kuma a yawancin jirage ƙarfinsa kan kai desibel 80 zuwa 85 a ma'aunin ƙarfin sauti. Mutum ya sauka kansa ya yi nauyi, ya ɗauka rashin barci ne kawai, alhali kunnensa ne ya yi awa biyar yana aiki babu hutu.

Abin da ya sa na zauna na tattara wannan bayani shi ne yayata. Za ta tafi Umara ta Kano, kuma mace ce mai fama da ciwon ɓarin kai. Ta kira ni ta ce, "Auta, wannan abin kunnen da kake sawa in za ka yi tafiya, da gaske yana hana ƙara ko dai ado ne?" Na ce, "Yaya, yana hanawa, amma ba kowanne ba, kuma ba kowace irin ƙara ba." Amsar da na ba ta a ranar ita ce na faɗaɗa a nan.

Da farko a san yadda abin yake aiki, domin a nan ake cutar mutane. Hedifon mai kashe ƙara na gaske yana da ƙananan makirfo a jikinsa. Su ne ke sauraren ƙarar da ke kewaye da kai, sai na'urar da ke ciki ta ƙirƙiri wani sauti kishiyarta ta tura cikin kunnenka, su haɗu su kashe juna. Dabarar tsohuwa ce. Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya yi rajistar ta tun a shekarun 1930, amma sai da Amar Bose, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya hau jirgi daga Zurich a 1978 rugugi ya hana shi jin daɗin hedifon da aka raba musu, sannan kamfaninsa ya duƙufa a kai. A 1989 suka fitar da na matuƙa jirgi, a 2000 kuma na fasinjoji mai suna QuietComfort. Ka ga ke nan tun asali don jirgi aka yi abin.

Wannan dabara ta fi cin ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa: injin jirgi, janareta, na'urar sanyaya ɗaki. Kukan jariri, tari, ko hirar maƙwabcin kujera kuwa sautuka ne masu kaifi da ke zuwa ba zato, na'urar ba ta iya tarar su gaba ɗaya. Abin da ke rage su shi ne yadda soson hedifon ya rufe kunne ruf. Wanda ya sayi na ɗaruruwan dubban naira da zaton zai zama kurma a cikin jirgi, ransa zai ɓaci.

Sai batun haruffa uku da ke jikin kwali. Abin da kake nema shi ne ANC, wato wannan dabarar kashe ƙara da na bayyana. Akwai kuma ENC, wanda ya cika shagunan waya na PZ da Sabon Gari, kuma aikinsa daban ne: yana tace muryarka ne domin wanda kake waya da shi ya ji ka rangaɗau, amma kai kunnenka ba ya samun komai. Ni kaina na faɗa wannan rami. Shekarun baya, ana gobe zan tashi, na shiga wani shago a gurguje, yaron shagon ya nuna mini rubutu a kwali ya rantse cewa ko kusa da injin niƙa na tsaya ba zan ji komai ba. Jirgi na ɗagawa na danna maɓalli, na sake dannawa, rugugi yana nan yadda yake. Sai ƙara sautin karatu na yi ta yi don ya danne injin, na sauka kunnena yana ƙugi har washegari. Wannan ƙara sautin shi ne babban haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a desibel 80, kuma da zarar sautin ya haura, lokacin raguwa yake yi da sauri. Amfanin hedifon na gaske shi ne ka saurari abinka a hankali kuma ka ji shi sarai.

To, babba mai rufe kunne ko ƙaramin iyafis mai shiga cikin kunne? A tafiya mai nisa, kamar Abuja zuwa Landan mai cin awa shida da wani abu, ko Kano zuwa Jidda da kan kai awa huɗu zuwa biyar, babba ya fi. Batirinsa na kai ka ya dawo da kai, sosonsa na tare ƙarar da na'ura ta kasa kashewa, kuma kusan duka suna da ramin waya da za ka jona da talabijin ɗin bayan kujera. Amma yana da cin wuri a jaka, yana sa gumi, kuma ba ka iya jingina kunci da taga ka yi barci da shi.

Akwai kuma abin da masu yin waɗannan kaya ba su yi tunaninsa ba, wato shigarmu. Namiji mai zanna bukar ko ƙube, baka ɗin hedifon zai bi ta tsakiyar hular ya lotsa ta, ko dai ka cire hula ko ka sauka da ita a karye. Mace mai ɗaurin ɗankwali babba ba ta da inda za ta ɗora shi. In ta sa a kan hijabi, yadin na shiga tsakanin soso da fata, iska ta samu hanya, rabin aikin ya tafi. Na gwada wa Yaya nawa a falonta, janareton maƙwabta na aiki. A kan hijabi ta ce, "Ya ragu dai." Da ta zura shi ta ƙarƙashin hijabin ya zauna a kunne kai tsaye, sai ta yi shiru, ta waiga wajen taga tana neman ko an kashe injin ne. Amma manyan 'yan kunnenta sun fara cizon ta kafin minti goma. Mai tabarau ma haka, ƙafar tabarau in mai kauri ce tana ɗaga soson. Duk wannan ba a rubuta shi a kwali, sai ka sa a kanka za ka sani.

A nan iyafis ke cin kasuwa. Yana ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi, bai damu da hula ba, yana shiga aljihun kaftani. AirPods Pro na biyu, wanda ya fito a 2022 kan dala 249, yana kashe rugugi fiye da yadda girmansa zai sa ka zata, amma awa shida kawai yake yi kafin ya koma akwatinsa ya sha caji. Ga mai zirga-zirgar Kano ko Kaduna zuwa Legas, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, wannan ya wadatar. Aibinsa biyu ne. Ba shi da waya, don haka kallon fim a jirgi sai ka sayi wata 'yar na'urar da ake soka wa a ramin kujera ta tura sauti ta bulutut. Sannan in barci ya kwashe ka ɗaya ya zame ya shige ƙarƙashin kujera, samo shi sai an sha wuya. Kar kuma a rikita shi da AirPods na gama-gari marar robar baki, wanda ba ya toshe kunne.

A cikin manya, sunaye uku ake yawan ji. Sony WH-1000XM4 ya fito a 2020 kan dala 349, yana yin awa 30, cajin minti goma na ba ka kamar awa biyar, yana naɗewa ya shiga ƙaramar jaka, kuma yana zuwa da waya har da ɗan mahaɗi mai ƙafa biyu na kujerun tsofaffin jirage. Magajinsa XM5 na 2022 ya ɗan fi shi tare muryoyi, amma ba ya naɗewa, jakarsa ta yi faɗi. Ni a ganina matafiyi bai yi asarar komai ba in ya tsaya a XM4, musamman yanzu da kuɗinsa ya sauko. Bose QuietComfort 45 yana yin awa 24, kuma ban taɓa sa wanda ya kai shi sauƙi a ka ba, nauyinsa gram 240 ne. Mai tabarau ya fara gwada shi. Sai dai a kula da wayarsa: bakin da ke shiga hedifon siriri ne, milimita 2.5, ba irin wanda za ka samu a kowane teburin mai caji ba in ta ɓata. AirPods Max na Apple kuwa, wanda ya fito a 2020 kan dala 549, ban ba matafiyi shawararsa ba. Gram 385 ne, wuya na sanin an ɗora masa kaya, awa 20 yake yi, kuma wayar jona shi da kujera sai an saya daban.

Ga mafi yawanmu, masu hawa jirgi sau ɗaya ko biyu a shekara, zuba irin wannan kuɗi bai taso ba. Soundcore na kamfanin Anker suna da Life Q30, wanda ya fito kan kusan dala 80 yana yin awa 40, da Space Q45 da ya fito kan dala 150 yana kai awa 50. A kan rugugin injin zalla, tazarar da ke tsakaninsu da manyan ba ta kai tazarar kuɗin ba. Inda suke gazawa shi ne muryoyi, da ingancin soso, wanda zafinmu na bazara kan sa ya fara ɓarewa da wuri. Oraimo da kowa ya sani ma suna da masu ANC da masu ENC, saboda haka karanta kwalin da kanka. Abu ɗaya da za ka gwada a duk mai araha: soka waya ka ga ko kashe ƙarar na ci gaba da aiki. A wasu, waya na shiga yake mutuwa, ka koma kallon fim cikin rugugi.

Wanda kuma barci kaɗai yake so, ba karatu ba, ba fim ba, ya nemi soson toshe kunne irin na ma'aikatan masana'anta. Ana murza shi ya sirance, a zura, ya kumbura a ciki. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma a kan kukan yara ya fi wasu hedifon masu tsada.

Wajen saye, kada kunya ta hana ka gwaji. Jabu sun yi yawa, kwalinsu har ya fi na gaske sheƙi. Ka ce wa mai shago, "Malam, don Allah a ɗan tayar da janareta," ko ka tsaya kusa da na maƙwabcinsa. Sa hedifon ba tare da kunna komai ba, ka danna maɓallin. Na gaske za ka ji rugugin ya nutse kamar an rufe ƙofa mai nauyi. Jabu kuwa sai dai wata murya ta sanar da kai an kunna, ƙara tana nan. Sannan ka sauke manhajar kamfanin a wayarka, Sony da Bose da Soundcore duk suna da ita, ka ga ko za ta gane shi. In na hannu ne ka duba soso, ka tambayi shekarunsa, domin batiri na tsufa. Ka bar shi a kanka ko da minti goma sha biyar ne. Wasu mutane kashe ƙara na sa su jin kamar an toshe musu kunne ko jiri-jiri, gara ka sani a Sabon Gari da ka sani a sararin samaniya.

Hedifon ba ya maganin ciwon kunnen da ke zuwa lokacin sauka. Wannan canjin matsin iska ne, maganinsa haɗiyar yawu, hamma, ko tauna cingam. Batirin caji na tafi-da-gidanka kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin da za a auna ba. Mai tafiya Jidda ya koyi maɓallin da ke buɗe kunne ya shigo da sautin waje tun yana gida, saboda sanarwar kusantar miƙati ta lasifika ake yin ta, bai kamata ta wuce shi ba.

Yaya dai iyafis mai ANC ta ɗauka, matsakaicin kuɗi, saboda hijabi da 'yan kunne. Mun zauna mun gwada robobin baki uku da ke cikin kwalin, ƙaramar ce ta zauna mata daram a kunnen hagu, matsakaiciya a na dama. Na sauke mata karatun da take so a waya don kada ta dogara da intanet, na sa soson toshe kunne guda biyu a aljihun jakarta saboda lokacin da iyafis ɗin zai koma caji. Da asuba muka kama hanyar Kano.