Kati, waƙa ko waya: da me za ka haddace Littafi Mai Tsarki?

Kafin ka sayi komai, ka fara zaɓen fassara ɗaya ka tsaya a kanta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Wusasa ya sa hannu sosai a cikinsa, har yau kuma akwai tsofaffin da bakinsu bai bar kalmominsa ba. Daga baya aka samu fassarar 1979, sai kuma Sabon Rai Don Kowa mai sauƙin harshe. Duk mai tsalle daga wannan zuwa waccan, ayar za ta cakuɗe masa a ka. Shawarata, ka ɗauki wadda ake karantawa a majami'arku ranar Lahadi, domin kunnenka zai riƙa yi maka bita kyauta.

Hanya mafi araha ita ce kati. Ka yanka kwali, ka rubuta ayar a gefe ɗaya, sura da lambarta a ɗaya gefen, ka sa a aljihu. Ƙungiyar Navigators, wadda Dawson Trotman ya kafa a Amurka a 1933, ta shahara da tsarin ayoyi 60 da aka kasa gida biyar bisa batu. Ba sai ka sayi nasu ba, rubutun da ka yi da hannunka ma rabin haddar ne. Kati ba ya neman caji, yana bin ka gona, kasuwa, har cikin Keke Napep.

Amma yana da aibi guda da ya daɗe yana damuna. Aya ɗaya tilo takan rabu da 'yan'uwanta. Dubi Filibiyawa 4:13, inda manzo Bulus ya ce zai iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa shi. Matasa da yawa sun riƙe ta don ranar jarrabawa ko neman aiki, alhali Bulus yana kurkuku ya rubuta ta, ayoyi biyun da ke gabanta kuwa maganar ƙoshi da yunwa suke yi, da yadda ya koyi gamsuwa a kowane hali. Wanda ya haddace ta ita kaɗai ya ɗauki reshe ya bar itacen.

Shi ya sa na fi son haddar sura sukutum, ko da yake ta fi cin lokaci. A nan maƙwabtanmu masu karatun allo suna da abin koya mana: ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma tilawar baya ba ta tsayawa don an ƙara sabo. Ka fara da Zabura 1 ko 23, kowacce aya 6 ce. In ƙafa ta yi ƙarfi, ka shiga 1 Korantiyawa 13 mai aya 13, sannan Romawa 8 mai aya 39. Wasiƙar Filibiyawa gaba ɗayanta aya 104 ce, wato mai riƙe aya biyu a mako zai gama ta cikin shekara guda. Kowace safiya ka faro daga ayar farko da babbar murya, kafin ka ɗora sabuwa. Sayayyarka a nan ba ta wuce Littafi mai manyan baƙaƙe da littafin rubutu ba.

Waƙa kuwa babu kamarta ga yara da iyayenmu da ba su yi boko ba. Wanda ya taɓa zama kusa da 'yan Zumuntar Mata ya san yadda magana ke manne wa zuciya idan ta hau kiɗan tulu. Sai dai mai waƙa yakan rage kalma ko ya ƙara don amo ya daidaita, don haka a riƙa gwada ta da abin da ke rubuce, a kuma rera sura da lambar ayar a ƙarshe.

Saura waya. Manhajar YouVersion tana da fassarar Hausa, manhajar Bible.is tana da karatun murya da za a iya saurara ana aikin gida. Anki kuma, manhajar katunan bita, tana dawo maka da aya daidai lokacin da take shirin kuɓuce maka, dabarar da ta samo tushe daga binciken Hermann Ebbinghaus na 1885 kan yadda mantuwa ke saurin cin sabon karatu a kwanakin farko. Anki kyauta ce a Android, amma kai za ka shigar da ayoyin Hausar da kanka. Ga mai wutar lantarki da data, wannan gata ne. Sai dai wayar da ayar ke ciki, a cikinta WhatsApp yake, ni kam na sha buɗe ta don bita in tsinci kaina ina amsa saƙo. In ka san halinka irin nawa ne, ka sauke karatun muryar, ka kashe data, ka nemi ɗan'uwa guda a majami'a da zai riƙe Littafin ya saurare ka bayan sujada.