Kututture da saiwoyi bayan sare bishiya: wace hanya ta cancanci kuɗinka?

Kafin ka kira mai inji ko ka sayi magani, ka fara sanin abin da za ka yi da wurin. Wanda zai zuba harsashin gini ko ya yi daɓen siminti dole ne ya fitar da kututturen da manyan saiwoyinsa, domin itacen da aka binne a ƙarƙashin gini ruɓewa yake yi, ƙasa ta lotsa, daɓe ya tsage. Wanda kuwa ciyawa ko fure zai shuka, bin kowace saiwa asarar kuɗi ce kawai. Saiwoyin babbar bishiya kan bazu har ninki biyu ko uku na faɗin inuwarta, babu mai iya tone su duka, kuma da zarar sun mutu za su ruɓe da kansu.

Matsalar ita ce ba kowace bishiya ce sara ke kashewa ba. Dogonyaro da itacen turare, alal misali, toho suke yi daga kututturen, wasu irin ma daga saiwa suke ɓullowa can nesa da gindin.

Idan bishiyar ƙarama ce, kaurinta bai wuce santimita 20 ba, diga da shebur da gatari sun wadatar. Yawancin saiwoyi suna cikin santimita 60 na saman ƙasa ne, ba su nutse yadda ake zato ba. A jiƙa wurin tun jajibiri, a haƙa zagaye, a datse saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. In ba a riga an sare ba, ka ce wa mai saran ya bar maka kamar mita ɗaya na gangar jikin, da shi za a riƙa jijjiga kututturen har ya saki. Kada a cusa injin zarto cikin ƙasa, yashi na dakushe haƙoransa nan take. Ɗaure kututture da igiya a ja da mota kuwa, ban ba kowa shawara ba: igiya in ta tsinke, baya take dawowa da ƙarfi.

Ga babban kututture a wurin da ba gini za a yi ba, injin niƙa kututture ya fi komai. Faifai ne mai haƙoran ƙarfe da ke cin itacen har zurfin santimita 15 zuwa 30, galibi cikin awa ɗaya ko biyu. Sai dai a nan ake samun saɓani wajen ciniki, don haka a yi magana dalla-dalla. Zurfin nawa za a ci? Saiwoyin da suka taso saman ƙasa suna cikin kuɗin ko daban? Wa zai kwashe garin katakon? Yana da yawa fiye da yadda ido ke tsammani, kuma in aka mayar da shi ramin aka yi shuka a kai, yana janye naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata don ta yi kore, daga ƙasa yayin ruɓewa, sai ka ga shukar ta yi rawaya. A auna ƙofa ma, kada injin ya zo ya kasa shiga.

Wurin gini kam sai motar haƙa. Tana tumɓuke komai, ta bar rami babba da za a cike a daddanne sosai. Ko da wace hanya za a bi, a fara gano inda bututun ruwa da wayar lantarki suka ratsa, don saiwa na son nannaɗe bututu.

Magunguna iri biyu ne, kuma mutane na yawan rikita su. Na farko kashe kututture yake yi don kada ya sake toho, wato maganin ciyawa mai sinadarin gilaifoset, irin su Roundup. Sirrinsa lokaci ne: a shafa shi da buroshi cikin mintuna kaɗan bayan sara, a zagayen da ke dab da ɓawo, nan ne rayayyen ɓangaren itacen yake. Tsohon kututture sai an sake yanke samansa tukuna. A sa safar hannu, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar. In akwai bishiya irinta a kusa da kake son ta rayu, ka yi hattara, wani lokaci saiwoyinsu a haɗe suke, maganin ya tsallaka.

Na biyu ruɓar da mataccen itace yake hanzartawa, yawanci hodar fotasiyam naitiret ce. Ana huda ramuka masu zurfin santimita 20 zuwa 30 a saman kututturen, a zuba hodar, a bi da ruwa, a rufe da leda don danshi ya zauna. Yana da araha, amma na mai haƙuri ne, watanni ake jira kafin itacen ya yi laushin da gatari zai farfasa shi. Zuba gishiri da yawa, da wasu ke yabawa, yana kashe kututturen ya kuma ɓata ƙasar, ta daɗe ba ta karɓi shuka ba.

Ƙonawa tana jan hankali saboda kusan kyauta ce. Ɗanyen kututture ba ya ci da kyau, busasshe kuma wuta na iya bin saiwarsa ta ƙarƙashin ƙasa tana ci kwana da kwanaki ba a gani. Kusa da gida ko shinge kada a soma, wurare da dama ma doka ta hana.

Barin kututture ya ruɓe da kansa ma zaɓi ne, in yana nesa da gini. Shekaru yake ɗauka, kuma gara na son sa. Mai niyyar dasa wata bishiya a gurbin ya matsa aƙalla mita ɗaya gefe, inda tsofaffin saiwoyi ba su cushe ƙasar ba.