Efoksi ko foliyesta: wanne ya dace da kantar kicin mai wuri da katantanwa?

Hajiya, na ga tambayarki a zaure. Kin ce kina son zuba rezin, wato ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri, a saman kantar kicin ɗinki a nan Jos, ki jera wuri da katantanwar teku a ciki, an kuma nuna miki iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya araha nesa ba kusa ba. Mai arahar foliyesta ne, mai tsadar efoksi.

Foliyesta shi ne wanda masu aikin faiba ke yin jiragen ruwa da tankuna da shi. Ana ɗiga masa wani ruwa mai suna MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, nan da nan ya kama, ko awa ba ya kaiwa. Amma warinsa sai ya kori mutanen gida, kuma idan ya daskare yana tsukewa. A nan matsalar take: ya tsuke ya saki jikin wurin, ya bar farin layi kewaye da kowane ɗaya, wani sa'in ya tsage. Saman ma yakan zauna da danƙo sai an goge da samfefa. Idan ƙananan kayan ado za ki zuba a mazubi, to ba laifi.

Efoksi kuwa gora biyu ne, A da B, da ake haɗawa kafin zubi. Warinsa kaɗan ne, tsukewarsa ba ta taka kara ta karya ba, yana kama katako da ƙwanso gam, ya fito garau kamar gilashi. Don kanta, shi zan ce ki saya. Sai dai shi ma iri biyu ne, kuma a nan mutane ke tafka asara. Akwai na shafe, wanda galibi ake haɗawa ɗaya da ɗaya, ba a wuce kaurin milimita 3 a zubi guda. Akwai na zurfi, galibi biyu da ɗaya, da ke ɗaukar har santimita 5, amma sai ya kwana uku kafin ya kama. Kika zuba na shafe da kauri, zafi zai taso daga cikinsa, ya yi hayaƙi, ya rine, ya fashe.

Ki yi lissafi tun kafin ki je kasuwa. Lita ɗaya tana rufe murabba'in mita ɗaya da kaurin milimita ɗaya. Kanta mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 60, idan katantanwar ta kai santimita 2, za ta sha kusan lita 24. Da wuri da ƙwanso masu faɗi zalla, rabin haka ya isa. Shi ya sa na fi son wuri, ga shi kuma namu ne: kakanninmu sun yi ciniki da shi, ko da yake tun daga tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya ake kawo shi.

Sanyin Jos ba abokin efoksi ba ne. Yana son ɗaki mai ɗumi, digiri 21 zuwa 25. A Disamba da Janairu sai ya yi kauri kamar zuma, kumfa ta maƙale a ciki. Ki tsoma gorunan a ruwan ɗumi kafin haɗi, ki yi zubin da hantsi, ki kifa kwali a kai saboda ƙurar hunturu. Da damina kuma laima kan bar masa hazo a sama.

Ƙwanson ki wanke, ki shanya sosai, ki cika cikinsa da rezin, ki manna shi da siririn zubi na farko. In ba haka ba zai taso sama, ko ya riƙa fitar da iska har a gama. Katakon ma, ko a kasuwar Katako kika sayo, sai busasshe, a shafe shi tukuna, kafinta ya daidaita shi da ma'aunin lebur. Safar hannu dole, tagogi a buɗe.

Abu guda da efoksi da foliyesta duka ba sa jurewa shi ne gindin tukunya daga kan wuta, tabo zai bari. Rana kuma tana mayar da efoksi rawaya a hankali. Ki yi shi a ɓangaren da ke nesa da murhu da taga, kusa da wuta ki bar tayil ɗinki. Ki fara gwadawa a kan faranti da rabin lita, ki turo mana hoto mu gani.