Kofi ko sikeli: wanne ya kamata ki saya don auna gyaɗa da danginta?

Kofi wuri yake aunawa, ba ruwansa da nauyi. Ki cika shi da ƙwayar almon (wata ƙwayar itace mai kama da gyaɗa) yadda take, za ki samu kusan giram 140. Ki yayyanka ta siri-siri ki sake cikawa, da ƙyar ta kai 95, don iska ta cinye sauran wurin. Walnat kuwa, wata ƙwayar itacen, akasin haka ne. Rabi-rabinsa duk lunguna ne, kofi kan cika a giram 100, amma in aka daddatsa shi ya kwanta sai ya doshi 120. Ɓararriyar gyaɗa kan kai wajen 145.

Su kansu kofunan ba kansu ɗaya ba. Na Amurka kusan mililita 240 yake ɗauka, na Ostireliya 250, na Japan 200, kuma mai rubuta girki ba kasafai yake faɗin wanne ya riƙe ba.

Duk da haka ban ce a jefar da kofi ba. In barbaɗawa kawai za ki yi a kan abinci, giram goma sama ko ƙasa ba za su ɓata komai ba. Ki nemi na ƙarfe mai shafaffen baki, wanda aka zana mililita a hannunsa. Mai bakin tsiyaya na ruwa ne.

Sikeli mai allura ba ya buƙatar batir, iyakar yabonsa ke nan a wurina. Layukansa kan yi tsallen giram 20 ko 25, ƙarfen cikinsa na saki da tsufa, kuma in kika kalle shi ta gefe allurar sai ta yi miki ƙarya.

Mai nuna lambobi shi ne abin saye, musamman ga mai yin kek ko biskit da niƙaƙƙiyar almon, inda ɗan ƙari kan sa ƙullu ya yi nauyi, ya yi maiƙo. Ki duba yana ƙirga giram ɗaya-ɗaya har zuwa kilo 5, kuma yana da maɓallin komawa sifili: ki ɗora kwano, ki danna, nauyin kwanon ya ɓace, sai ki zuba. Maɓallin sauyawa zuwa oza ma na da amfani, oza ɗaya kusan giram 28 ce. Wani abu da ba a lura da shi sai an kawo gida: in farantin ƙarami ne, babban kwano zai rufe lambobin, ki riƙa leƙe ta ƙasa. Akwai kuma masu saurin kashe kansu kina tsakiyar yanka. Ƙaramin sikeli mai auna giram 0.1 na kayan ƙamshi ne, ki bar shi.

Ranar da kika saya, ki cika kofinki da kowane iri, ɗaiɗai da yankakke, ki auna, ki rubuta a takarda ki manna a cikin murfin kabad.