UptimeRobot ko Zabbix: wanne ya dace da cibiyar kwamfuta a Maraɗi?

Malam, ka ce kana da cibiyar koyar da kwamfuta a unguwar Zariya, da kwamfutoci wajen ashirin, da rauta ɗaya (na'urar da ke raba wa kwamfutocin intanet) ta kamfanin MikroTik, da kuma shafin intanet na rajistar ɗalibai wanda ke zaune a sabar haya a Faransa. Damuwarka biyu ce: ba ka sanin shafin ya faɗi sai wani ɗalibi ya kira ka, sannan rezo yakan yi nauyi da rana ba ka san dalili ba. Wani ya ce maka UptimeRobot, wani ya ce Zabbix, kana son sanin wanda ya fi.

Gaskiya ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma damuwar taka kowace da nata magani. UptimeRobot kamar mai saye ne da ke giftawa ta ƙofar shagonka a babbar kasuwa, iyakarsa ya ga a buɗe yake ko a rufe. Zabbix kuwa yaron shago ne, yana ciki, ya san kayan da suka ƙare da waɗanda ke shirin lalacewa.

A UptimeRobot ba ka girka komai. Asusu za ka buɗe, ka rubuta adireshin shafinka, sai sabobinsu da ke ƙasashen waje su riƙa ƙwanƙwasa shi. A tsarin kyauta bayan kowane minti 5 suke dubawa, kuma kana iya sa ido kan abubuwa har 50. In shafin ya amsa da lamba 200, lafiya lau. In ya amsa da 500 ko 502 ko 503, ko ya yi shiru har lokacin jira ya wuce, saƙo zai shigo maka. Amma akwai wurin da mutane ke yawan yin sakaci. Shafi yana iya amsa 200 alhali abin da ke cikinsa ya lalace, ya fito fari fat, ko kuɗin haya ya ƙare a maye gurbinsa da takardar sanarwa. Don haka kada ka tsaya ga lambar kaɗai. Zaɓi irin duban da ke neman kalma, ka ba shi kalmar da ba ta fitowa sai shafin na aiki sosai, misali wadda ke rubuce a kan maɓallin rajista. Ranar da kalmar ta ɓace, za ka ji.

Abin da ba ya gani kuwa shi ne cikin cibiyarka. Bai san rautarka ba, bai san igiyar da ɓera ya ci ba. Ko ka so ya riƙa duba layin ofishin daga waje, galibi ba zai yiwu ba, domin layukan kamfanonin salula da na Starlink yawanci mutane da yawa ne ke tarayya a adireshi ɗaya na waje, ba a iya ƙwanƙwaso ka kai tsaye. Sannan ka tuna daga ina yake kallo. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma sun wahala, har da Nijar, tunda mu ba mu da teku, ta maƙwabta intanet ɗinmu ke biyowa. A irin wannan rana, mai kallo daga Turai ko Amurka zai ce maka shafinka na Faransa ƙalau yake, kuma bai yi ƙarya ba, amma ɗalibin da ke Mokoyo ba ya iya buɗe shi.

Zabbix wani abu ne daban. Alexei Vladishev ne ya ƙirƙiro shi a Latbiya, ƙasar da ita ma MikroTik ta fito, aka fara sakinsa a 2001, kuma kyauta ne gaba ɗaya. Sai dai kai za ka ba shi masauki: kwamfuta mai Linux, da rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL. Yana tambayar na'urori ta hanyar SNMP, wato ƙa'idar da na'urorin rezo ke ba da rahoton halin da suke ciki da ita, ko ta ƴar ƙaramar manhajarsa da ake sa wa kowace kwamfuta. Da ka kunna SNMP a rautar, ka ɗora mata ɗaya daga cikin shirye-shiryen MikroTik da Zabbix ke zuwa da su, zai fara zana maka yawan bayanan da ke shiga da fita ta kowace kafa, da yadda rautar ke wahala, har da zafinta in irin mai auna zafi ce. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a garin da Afirilu da Mayu zafi ke haura digiri 40, ga rauta an kulle ta cikin akwatin ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano.

Nan ne amsar damuwarka ta biyu take, don haka bari in ɗan tsaya. Kalmar "rezo ya yi nauyi" cututtuka da yawa take rufewa, kuma ana rarrabe su da ping guda uku da ke gudana dare da rana; ping shi ne ɗan saƙon gwaji da ake aika wa wata na'ura a ga ko za ta amsa, da tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. Na farko daga wata kwamfuta ta cikin aji zuwa rautarka. Na biyu zuwa na'ura ta farko ta kamfanin da ke ba ka layi. Na uku zuwa can nesa, kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. In na farko ne ke tangarɗa, matsalar a gidanka take: igiya, ko suwic (akwatin da igiyoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa), ko Wi-Fi da ya cunkushe. Ta igiya, amsar rauta ba ta kamata ta wuce milisakan ɗaya ko biyu ba. In na farko lafiya, na biyu ke tashi, to tsakaninka da kamfanin ne, ko kuma ku da kanku kun cika layin. In biyun farko lafiya, na uku kaɗai ke ciwo, abin ya fi ƙarfinka, yana can gaba, ba sauran hawa rufi a juya eriya.

Yadda za ka gane ko ku kuka cika layin shi ne ka jera zanen ping na biyu da zanen yawan bayanai. Ka ɗauka layinka megabit 20 ne. In ka ga zanen ya hau ya manne a 20 ya miƙe tun daga hantsi har azahar, kuma a daidai wannan lokacin ping ya yi tsalle daga gommai zuwa ɗaruruwa, to ba laifin kowa ba ne sai cunkoso. Sau da yawa za ka tarar kwamfutocin ne gaba ɗaya ke sauke sabuntawar Windows lokaci guda, ko wayoyin ɗalibai na tura hotuna da bidiyo sama. Maganin yana cikin MikroTik ɗin da kake da ita: ka raba layin da tsarinta na rabon layi mai suna PCQ, kowa ya samu rabonsa daidai. In kuwa layin bai ko kai rabi ba amma ping na ɓacewa, to ka samu hujja. Zuwa ofishin kamfani da takarda mai nuna rana da awa da adadin abin da ya ɓace ya fi zuwa da baki kawai, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa zai fi saurin gano inda matsalar take.

Ka fi mayar da hankali ga ɓacewa fiye da jinkiri. Layin tauraron ɗan'adam irin na da, wanda ke can nesa sosai, yakan yi wajen milisakan 600 zuwa da dawowa, amma shafuka na buɗewa ko da a hankali. Ɓacewar kashi 2 ko 3 cikin ɗari kuwa ta isa ta sa kiran WhatsApp ya riƙa yankewa, darasin Zoom ya zama wahala.

Batun kuɗi ba shi da tsawo. Dukansu kana iya farawa ba ka biya ko dala ba. UptimeRobot yana karɓar kuɗi in kana son dubawa kowane minti ɗaya ko saƙon tes da kira, kuma ka karanta sharuɗɗan tsarin kyautar kafin ka ɗora harkar kasuwanci a kansa. Zabbix ba ya karɓar komai, amma yana cin lokaci. Girka shi aikin yini ne ga wanda ya saba da Linux, gyara ƙararrawarsa kuwa har ta daina damunka da abin da bai kai ya kawo ba, wannan aikin makonni ne. Ba ni son ganin an girka shi a bar shi ba mai dubawa, rumbunsa ya cika, ya mutu ba wanda ya sani.

Sai babbar magana a wurinmu, wato wuta. Zabbix yana zaune cikin ɗakin da yake gadi. In wuta ta ɗauke, shi ma ya tafi. In yana kan batir amma layin ya yanke, zai rubuta abin da ya faru, sai dai ba shi da hanyar aiko maka saƙon Telegram, tunda layin da zai bi shi ne ya mutu. UptimeRobot ba ruwansa da wutar Maraɗi, to amma shi kuma ba ya ganin ɗakin. Akwai dabarar da ke cike wannan giɓi, kuma ina ganin duk mai cibiya a nan ya kamata ya san ta. Maimakon a ƙwanƙwaso ka daga waje, rautarka ce za ta riƙa aika alamar tana raye bayan kowane minti 5 zuwa wata hidima ta waje kamar Healthchecks.io, wadda ke da tsarin kyauta. A MikroTik rubutu ne na layi ɗaya: umarnin fetch, mai buɗe adireshin intanet, cikin Scheduler, wurin da ake sa wa rauta aikin da za ta riƙa maimaitawa. Muddin alamar na zuwa, ba za ka ji komai ba. Da ta daina, su za su aiko maka saƙo a salularka. Ba za su gaya maka wuta ce ko layi ba, amma za ka san cibiyar ta yanke kafin ɗalibai su iso.

Tsakanin waɗannan biyun akwai na tsaka-tsaki, kuma shi nake ganin ya fi dacewa da girman wurinka. Uptime Kuma, wanda Louis Lam ya fitar a 2021, kyauta ne, kai kake girka shi, amma ya fi Zabbix sauƙi nesa ba kusa ba. Yana yin ping ukun nan, yana neman kalma a shafi, yana aika saƙo ta Telegram, yana kuma tuna maka in takardar tsaron shafin ta kusa ƙarewa, abin da ke da amfani tunda ta Let's Encrypt, hidimar da ke ba da irin wannan takarda kyauta, kwana 90 take yi, kuma sabuntawar da ake cewa tana yin kanta takan tsaya wani lokaci. Sa shi a tsohuwar kwamfutar hannu mai batir mai rai, ka jona ta da igiya, kada ka bar ta kan Wi-Fi. Zanen yawan bayanai kuma MikroTik na da nata a ƙarƙashin Tools, wurin da aka rubuta Graphing, kunna shi kawai ake yi. Mai son zama kan Windows yana da PRTG na kamfanin Paessler na Jamus, kyauta ne har ma'auni 100, amma ma'aunan na saurin ƙarewa domin kowace kafa ta suwic ɗaya take ci.

Wani abu game da alƙaluman da za su riƙa nuna maka. Kashi 99 cikin ɗari yana da daɗin ji, amma a wata mai kwana 30 ya fi awa 7 shafi na ƙasa. Kashi 99.9 shi ne wajen minti 43. Kuma mai dubawa bayan minti 5 yana iya kasa ganin faɗuwar minti 3 gaba ɗaya. Haka kuma kada ka sa ƙararrawa ta yi kuka da ɓacewar ping guda ɗaya. Bari sai an gwada sau uku a jere an kasa, in ba haka ba saƙonni za su yi maka yawa har ka daina buɗe su.

To, ga abin da zan yi in ni ne kai. Yau ɗin nan in sa shafin rajista a UptimeRobot da neman kalma, aikin minti goma ne. Cikin satin nan in kunna Graphing, in sa alamar rai, in girka Uptime Kuma da ping uku. Zabbix sai ranar da ka samu suwic masu yawa, ko ka buɗe reshe a Tasawa ko Madarunfa kana son ganin su duka a allo ɗaya, kuma akwai yaron da zai ɗauki kula da shi a matsayin aikinsa. In ranar ta zo, kafin komai ka canza kalmar sirrin SNMP, domin da "public" take zuwa kuma kowa ya san ta, ka kuma taƙaita ta ga adireshin kwamfutar Zabbix kaɗai, kada ta leƙa waje.

Ka bar ping ukun su yi sati biyu suna gudana, sannan ka turo hoton zanensu tare da na Graphing, na ranar aiki ɗaya da na Lahadi ɗaya, mu duba tare. Allah ya taimaka.