Masu EOD ku yi hattara da mai saka rediyon Android ɗin nan, dubu 185 ya ci min

Jama'a assalamu alaikum. Wallahi tun shekaranjiya nake ta rubutawa ina gogewa saboda baƙin ciki, amma dole in faɗa domin mutumin nan har yanzu yana tallata aikinsa a Facebook da TikTok kuma mutane na ta tambayarsa farashi a ƙasan bidiyo. Dubu 185 ya karɓa a hannuna. Dubu ɗari da tamanin da biyar, a wannan marrar, kuma ya bar min mota ba AC, ba rediyo na asali, dashbod a yanke.

Motata Honda Accord ce 2005, wadda muke cewa EOD, mai ita ya san matsalarta. Rediyonta ba irin na sauran motoci ba ne da za ka zare ka zura wani a ramin, domin madannan AC da rediyon a jiki ɗaya suke, allo ɗaya ne ke riƙe da su, in ka cire rediyon ka cire AC ke nan. Shi ya sa na daɗe ban taɓa shi ba. Ni ba abin da nake so illa sikirin ya zauna daf da dashbod, ya shafe, kamar daga kamfani ya zo da shi, ba irin wanda ake liƙawa ya turo kai waje yana rawa a kan hanya ba. Kuma abin da na gani ke nan a bidiyonsa, EOD fes, sikirin inci 10 ya zauna ɗas, ko tsinke ba zai shiga gefensa ba, yana danna AC a kai yana ƙara sanyi yana ragewa.

Kafin wani ya zo min da maganar "ai kai ka yi sake", ku tsaya ku ji abin da ya tambaye ni. Ina kiransa ban gama bayani ba ya ce "Yallabai taka AC ɗinta na murɗawa ne ko atomatik mai gefe biyu? Don firem ɗinsu ba ɗaya ba ne, soket ɗin ma ba ɗaya ba ne." Ku gaya min don Allah, wa zai ji wannan tambayar bai yarda ba? Ni da na je wajen masu rediyo da dama suna ce min a saka sabon a aljihun ƙasa na dashbod kawai a bar tsohon rediyon a sama, ga wani ya san bambancin firem, wato robar da sikirin ke zama a cikinta, ya san sai da ƙaramin akwatin da ke haɗa sikirin da AC. Wannan tambayar ce ta kama ni. Har yanzu in na kwanta ita nake ji, na murɗawa ne ko atomatik. Kuma ban tsaya nan ba, na ce ya turo bidiyon kayan da sunana a takarda, ya turo. Na ce sai na ga shago, ya ba ni kwatance na je na same shi zaune a gaban shago cike da sifiku da rediyoyi, yana gaisawa da kowa, yaran wajen na ce masa oga. Me kuma ya rage mutum ya bincika?

Ashe shagon ba nasa ba ne. Wannan sai daga baya na sani, bari in koma baya.

Ya ce RAM 4, ma'aji 64, sabon Android, da kyamarar baya, da firem na EOD na asali, da aiki, duka dubu 185. Na ba da dubu 120 kafin alƙalami ta transfa wai zai ɗauko firem daga Legas. Sunan da ya fito a akawun ɗin daban da wanda ya faɗa min, na tambaya nan take, ban yi shiru ba, ya ce na ƙaninsa ne nasa ya kai iyaka. Mutum nawa ne a kasuwa ke karɓar kuɗi da akawun ɗin ɗan'uwa ko na mai POS? Kullum muna yi. Dubu 120. Sannan ciko dubu 65 ranar aiki, a hannu, ya ƙirga a gabana yana cewa Allah ya ƙara buɗi Yallabai.

Ranar aikin ya ce in bar motar in je in dawo bayan magariba. Wannan ma da dalili ashe, so yake duhu ya yi. Na dawo ya kunna min sikirin, haske tar, waƙa na tashi, ya saka ribas kyamara ta nuna, ya liƙa wata baƙar leda a gefen firem ɗin ya ce kar in ɓare sai gobe gam na bushewa. Na ce gam kuma? Ya ce ɗan kaɗan ne don ƙura. Na danna AC shiru, ya ce ai allon AC ɗin yana cikin tsohon rediyo, zai tafi da shi gida ya ciro ya kawo da safe ya haɗa, minti goma ne. Ya ɗauki rediyona na asali ya sa a buhu a gabana. A gabana wallahi.

Da safe mota ta ƙi tashi, batir ya mutu murus, batirin da bai daɗe ba. Na ɓare ledar nan sai da jikina ya yi sanyi. Firem ɗin ba na EOD ba ne sam, na wata motar ne ya datse gefensa, da ya ƙi shiga sai ya bi robar dashbod ɗina da wuƙa mai zafi ko me, ga tabon narkewa nan baƙi, gefen direba ya turo waje gefen fasinja ya nutse, akwai ramin da yatsana biyu ke shiga, ya cusa kwali a ciki ya bi da gam. Ba ƙusa ko ɗaya. Na kira shi tun a daren ma na manta ban faɗa ba, ya ɗauka ya ce yana hanya da safe in sha Allah, to da safen ne layi ya koma a kashe, WhatsApp kuma hotonsa ya ɓace.

Na samu aka yi min jan batir na kai wa wani dattijo mai wayarin a Ƙofar Ruwa, Allah ya saka masa da alheri. Yana zaro sikirin ɗin ya yi salati. Soket ɗin mota na asali an guntule shi, wayoyi an murɗe da hannu an naɗe da salatif, jar waya da ruwan ɗorawa an haɗe su wuri ɗaya a kan wutar da ba ta ɗaukewa, alhali ja ta makulli ce, ruwan ɗorawa ce ta batir kai tsaye, shi ya sa abin ya kwana yana shan wuta. Ɗansa ya saka wata manhaja ya duba cikin na'urar, RAM 1 ne, ma'aji 16, tsohon Android, an dai gyara rubutun cikin saitin ne ya nuna 4 da 64. Dattijon ya ce min "ɗana, wannan ko rabin abin da ka biya bai kai ba, kuma asarar ba a nan take ba, a rediyon da ya tafi da shi take." Yanzu sai na nemi wani ɗan Kwatano, in an samu ma sai an nemo lambar buɗe shi tunda na Honda yana kulle kansa in ya rabu da batir, ga soket, ga robar dashbod. Duk a kan dubu 185 da ta riga ta tafi.

Na koma shagon, mai shagon na gaskiya ya ce shi ma bai san gidansa ba, zuwa yake ya zauna a benci ya sayi waya da fis, in ya samu kwastoma ya yi aiki a bakin titi. Ya ce ba ni ne na farko da ya zo nemansa ba. Ni da nake ɗaukar iyali a motar nan, zafin Kano, yara a baya gilas a sauke, maiɗakina ta tambaye ni ina AC na rasa bakin magana. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Ina da sikirinshot na hirarmu kaf, da rasit ɗin transfa na dubu 120, da muryarsa inda yake cewa firem na asali ne, da hoton dashbod kafin da bayan. Na kai rahoto wajen 'yan sanda, sun ce in dakata da saka hotonsa da lambarsa tukuna, da zarar sun ba ni dama zan ɗora su duka a nan.

Kar ku ba da kuɗin firem sai an ɗora shi a motarku kun gani da rana, kar ku bari a yanke soket, kuma tsohon rediyonku kar ya bar hannunku. Wanda ya taɓa haɗuwa da mai irin wannan aikin a Kano ya yi min magana ta inbox, ana neman ƙarin masu shaida.