Ƙarfen ɗaure eriya a bututun hayaƙi: bayan hunturu ɗaya

Gidan da nake zaune a Manchesta irin tsofaffin gidajen nan ne na jere, bango ɗaya da maƙwabci, bayan gida kuwa ko akuya ba za ka ɗaure ba, balle ka kafa doguwar sandar eriya. Da na samu lasisin farko na rediyon 'yan sha'awa, wanda mutanenmu za su fi ganewa da oba-oba, daga Ofcom, hukumar sadarwa ta Birtaniya, sai na ga ba inda ya kai bututun hayaƙi tsawo a gidan.

Na sayi kayan ɗauri a intanet: maƙalin ƙarfe mai rungumar kusurwa ɗaya ta bututun, ƙananan ƙarafa uku na sauran kusurwoyin don kada igiya ta ci bulo, igiyar ƙarfe, da kusoshi biyu masu baki kamar ƙugiya da ake jan igiyar da su. Abin da ya burge ni shi ne ba a huda bulo ko ɗaya. Ka zagaya, ka ja, ka ɗaure noti.

Takardar bayanin kam ba ta da amfani, zane ɗaya ne duk ya dushe. Mai gyaran rufin da na ɗauka, don ni dai ba na wasa da tsani a bene, shi ya san kan abin. Kafin ya taɓa komai sai ya sa sukundireba tsakanin bulo biyu ya ɗan karce, sai ga kwaɓin da ke riƙe bulon yana zuba kamar garin kwaki. Ya ce in ya ja igiya a haka, iska ta farko za ta sauke min eriya da rabin bututun. Sai da aka cike tsakanin bulon, muka jira ya bushe. Kuɗin wannan aiki ya ninka kuɗin kayan, kuma mai sayarwa bai ko ambaci batun ba. Maƙwabcina ma sai da na nemi yardarsa, tunda bututun namu ne mu biyu.

Da farko burina babbar eriya mai juyawa ce. Wani dattijo a ƙungiyarmu ta masu oba-oba ya hana ni, ya ce bututu ba a gina shi don ya yi kokawa da iska ba. Na haƙura da ƙaramar eriya Diamond X-50, tsawonta mita 1.7, a kan gajeriyar sandar alminiyom, tana aiki a zangon 144 da na 430 megahaz. Ina aika magana da ƙarfin wat 25 ɗin da lasisina ya yarda, kuma tashoshin da a da nake jinsu cikin shuuu daga taga yanzu tamkar a ɗaki ɗaya muke.

Daren guguwar Darragh, a Disambar 2024, ban runtsa ba, ina ta kasa kunne ko zan ji faɗuwar bulo. Da safe na leƙa, eriyar tana nan ƙyam.

Ƙorafina ɗaya: notocin sun soma tsatsa kafin bazara, alhali maƙalin ko ɗigo bai yi ba. Na sa an canja su da waɗanda ba sa tsatsa, an kuma sake naɗe mahaɗin wayar eriyar da tef mai hana ruwa, don toka da danshi sun fara baƙanta shi. Igiyar ma ta ɗan saki, juyi biyu na sifana ya mayar da ita.